Ranar Da Na Mayar Da Ɗiyata Mai Duba

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga kai, har inda na aje makullin ɗaki sai an taya ni nema, amma yinin bikin Wara ba zan taɓa mantawa da shi ba. Na sha roƙon a mantar da ni. Har yanzu dai shiru.

Ni mai bandar kifi ce a Yelwa, kuma duk unguwarmu an shaide ni da haƙuri da ƙarancin magana. Marigayi maigidana yakan ce sai ya matso kusa kafin ya gane faɗa nake yi da shi. Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na haifi biyar sannan na shiga yaƙi da jahilci, na koyi karanta Hausa da rubuta ta, anka ba ni takardar shaida (tana nan cikin gilashi, na rataye ta daidai inda baƙo ba zai iya kauce mata ba). Tun daga ranar nake ɗaukar kaina cikin 'yan boko. Ku riƙe wannan, domin mai ɗan ilimi irin nawa ya fi wanda bai da ko kaɗan iya ɓarna.

Autata Hafsatu ita ce ta yi nisa a karatu. Ta gama jami'a a wani fanni da ake kira saikoloji, wato ilimin halin ɗan Adam, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida da niyyar digiri na biyu. Wata da watanni tana zaune bakin ƙofa da waya a hannu, tana cike-cike, tana kiran mutanen da ban sani ba. Daga ƙarshe jami'o'i biyu sunka ba ta gurbi, kuma dole ta zaɓi ɗaya.

Yamma uku ta yi tana yi mini bayani, ina juya kifi a kan banda. Ta ce ɗayar tana kusa, tafiyar 'yan awoyi a mota, duk wata za ta iya leƙo ni. Sai dai karatun can na bincike ne da rubutu, in ka gama ka zama malami ko ma'aikacin ofis. Ɗayar kuwa tana can Kudu, sai ka yini ka ƙara a hanya, amma ita ce ta ɓangaren asibiti. Za ta yi watanni a asibitin ƙwaƙwalwa ƙarƙashin manyan da sunka daɗe a aikin, tana zama da marasa lafiya suna lura da ita. Ta ce ta kira waɗanda sunka gama can ta tambaye su ko malaman na da lokacin ɗalibi, ko ana gamawa kan kari, ko asibitoci na karɓar takardar. Duk wannan yanzu ne na san shi, domin daga baya an sake maimaita mini shi a gaban jama'a. A lokacin kalma biyu kaɗai kunnena ya ɗauka: kusa da nesa. Sauran, in ban da 'yan gutsattsari, duk hayaƙin banda ya tafi da shi, ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina cewa to, to, kamar wadda ake ba saƙo.

Abu ɗaya ne ya maƙale. A yamma ta uku ta ce, "Inna, ta kusa ba za ta ba ni damar duba mutane ba. Ta nesa ita ce ake koyon duba mutane."

Na tambaye ta ko allura za ta riƙa yi. Ta ce a'a. Ƙwaya fa? Ta ce wannan aikin wasu likitocin ne, nata zama da mutum ne har a gano abin da ke damunsa. Sai ta kalle ni ta ce ta san ba na son ta yi nisa. Na ce a raina lallai yarinyar nan tun ba a je ko'ina ba ta fara ganin cikin mutum. (Ban kawo a raina cewa na ƙone tarwaɗa faranti guda tun da ta ambaci Kudu ba, kuma ko akuyar gidan ta san dalili.)

Tun rasuwar mahaifinta ba a yanke babbar magana a gidanmu sai da yardar yayansa, Malam, wanda yara ke kira Baffa. A Wara yake zaune, bakin ruwa, yana da makarantar manya da yake karantar da littattafai bayan asuba. Mutum ne mai adalci, amma in ya ce a'a sau ɗaya bai san hanyar komawa ba. Ga shi kwanakin da jami'o'in sunka ba Hafsatu ta amsa sun kusa cika. Sai anka yi dace yana aurar da ɗansa a makon. Hafsatu ta shirya za ta same shi washegarin biki, in baƙi sun watse, ta yi masa bayani a natse. A cikin mota ta dafa hannuna.

"Inna, don Allah kar ki ce komai kan karatuna. Bari ni in hwaɗa mishi da kaina."

Har dariya ta ba ni. Ni da ake roƙo in yi magana, ni ake roƙo in yi shiru? Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta san uwarta.

Ta san ta ɗin kuwa, shi ya sa ta roƙa.

Bayan azahar mata sun cika rumfa a cikin gida, ana cin tuwon shinkafa da miyar kifi. Kun san zaman biki, ba tuwo kaɗai ake ci ba, har da 'ya'yan mutane. Hajiya Kulu, matar Malam, ta sanar da mu sau uku cewa ɗiyarta nas ce, kamar muna iya mantawa tsakanin loma da loma. Wata ta ce nata yana kwastan. Wata ta ce nata ya sayi injin jirgin ruwa sabo fil. Ni ina gefe ina cire ƙaya. Sai Hajiya Kulu ta juyo. Ta-Shanga suke kirana, saboda daga Shanga anka auro ni.

"Ta-Shanga, ke kuma Auta har yanzu karatun? Wai mi take karantawa ne da ba shi ƙarewa?"

Anka yi 'yar dariya. Ba wata babba ba, irin wadda mai haƙuri ke haɗiyewa da ruwa. Shekara da shekaru ina haɗiye irinta. Ranar dai maƙogwaro ya ƙi. Na tsame hannu daga kwano, na gyara mayafi. Illar mai ƙaramar murya ita ce in ta buɗe baki kowa sai ya yi tsit don ya ji, saboda haka ba kalma ɗaya tawa da ta faɗi ƙasa.

"Babban digiri za ta yi," na ce. "Na duba."

Wata ta tambaya duba kamar yaya. Na ce duba mutane mana. Ba allura, ba ƙwaya. Ta zauna da ke, ta kalle ki, ta gaya miki abin da ke damunki, ni kaina ta yi mini. Wata tsohuwa ta matso ta tambayi inda ake koyar da wannan. Na ce can Kudu, don nan kusa ba su da na gaske, sai na takarda kawai. Da na ga idanu sun dawo kaina, na ƙara da cewa akwai wasu manya da za ta zauna ƙarƙashinsu wata da watanni kafin su sallame ta ta fara nata.

Ku duba mini, don Allah. Wace ƙarya na yi? In anka ɗauki maganganun nan ɗai-ɗai, kowace gaskiya ce. Sai da anka haɗa su wuri guda sannan sunka tashi boka cikakke, saura ƙwarya da jan ƙyalle. A wurinmu likita na duba mara lafiya, mai bugun ƙasa ma na duba. Kalmar ɗaya ce. Duk mai hankali yakan ƙara mata wani abu don a san wadda yake nufi. Ni da takardar shaida a gilashi, na sake ta tsirara a tsakiyar matan biki.

Zan so in ce ban lura ba. Na ji wata ta yi a'uzubillahi ƙasa-ƙasa. Na ga Hajiya Kulu ta tashi ta nufi ɓangaren maigida ba ta ko wanke hannu ba. Amma a daidai lokacin wata ta turo mini kwano da kan giwan ruwa a ciki, ta ce in ci, ni babba ce. Shekara talatin ina zuwa gidan nan ba a taɓa tura mini kan kifi ba. Na ci abina.

Ita kuwa Hafsatu tana bayan ɗaki tana taya wanke-wanke, ba ta san an naɗa ta mai duba ba. Da na leƙa neman ruwa, na tarar da layin mata a gabanta. Ta farko tana ba ta labarin tunkiyarta da ta ɓata tun kafin salla. Yarinyar nan, da yake an koya mata ladabin sauraro, ta ajiye soso ta fuskance ta, tana tambayarta a hankali yadda ta ji da abin ya faru, da wanda ta fara gaya wa. Matar ta waiga ta yi wa na baya ido, wai an fara aiki. Ta biyu tafin hannu kawai ta shimfiɗa mata. Ta uku ta ce tarun mijinta ya yi mako uku yana fitowa wayam alhali na maƙwabcinsu na cika, tana son sunan mai hannu a ciki kawai, ba ta son rigima. Har da wata Laraba da ta sauko daga kan tudu, ta ce fastonsu ya hana irin wannan, saboda haka a yi sauri.

Hafsatu ta ɗago ta hango ni da kofi a hannu. Na koma rumfa ban sha ruwan ba.

Bayan la'asar anka ce Malam na kira, ni da Auta. Yana zaune a kan buzu ƙarƙashin darbejiyar ƙofar ɗakinsa, da dattawa uku cikin abokansa. Matan biki kuwa duk sun tuna suna da aiki a jikin zanan da ke kusa, har zanan na numfashi. Munka durƙusa munka gaishe shi. Bai kalli Hafsatu ba, ni ya kalla. Ya ce magana ta zo masa, kuma da daga bakin wani ta fito da bai saurara ba, amma an ce uwar yarinya ce ta faɗa da kanta, kuma kowa ya san Ta-Shanga ba ta zuba. Ya ce gidan nan an san shi da karatu tun kakanni, ba a taɓa buga ƙasa a cikinsa ba.

"Ɗiyar ƙanena ba ta zuwa koyon duba ina raye," ya ce. "In karatu take so, ga na kusa nan, wanda uwarta ta ce na takarda ne. Shi za ta yi. Magana ta ƙare."

To, ga inda abin kunyar na gaske yake, ba wanda anka yi wa dariya ba. Da ya faɗi haka, zuciyata hamdala ta yi. Abin da na yi makonni ina so ban iya furtawa ba, ga shi an miƙo mini a faranti, kuma ba ni na hana ba, Baffanta ne. Duk wata za ta zo. Zan riƙa aika mata da kifi. Ba abin da ake buƙata daga gare ni sai aikin da na fi kowa ƙwarewa a kansa, wato in yi shiru in sunkuyar da kai, a ce Allah sarki mai haƙuri.

Sai na saci kallon Hafsatu. Na ɗauka zan ga hawaye, ko ta buɗe baki ta ce ba haka ba ne. Ko ɗaya. Takardar jami'ar nesan na hannunta, tana naɗe ta, tana sake naɗewa, har ta koma kamar laya. Na gane ba za ta yi magana ba. In ta gyara, ta ƙaryata uwarta a gaban dattawa da matan gari. Ta gwammace ta bar abin da ta yi shekara tana nema da ta yi haka.

"Malam," na ce, "ba haka ba ne. Ni ce ban gane ba."

"Ɗaga murya, Ta-Shanga. Ba mu ji ba."

Na sake faɗa. Ɗaya daga cikin dattawan kunnensa ya yi nauyi, ya ce me ta ce. Na faɗa karo na uku, da muryar da ban san ina da ita ba, har na ji masu wanke-wanke sun dakata. Ni ce ban gane ba.

Da na tsaya nan, da na tsira da ɗan abin da ya rage. Amma 'yar boko ba ta faɗuwa haka nan. Na ce a ba ni takardar in karanta wa Malam sunan karatun da kaina, ai na yi makaranta. Hafsatu ta yi jinkirin miƙowa, na zare ta daga hannunta. Na warware, na nisanta ta da ido kamar yadda malamarmu ke yi. Turanci ne daga sama har ƙasa. A ajinmu an koya mana ƙa'ida ɗaya: kowane baƙi da ka gani ka ba shi haƙƙinsa. Ba wanda ya gaya mana Turawa na rubuta baƙi su bar shi zaune ba aikin yi. Na ɗora yatsa a kan manyan baƙaƙen, na karanta da ƙarfi, gaɓa-gaɓa.

"Ci-li-ni-cal. Fi-si-co-lo-gi."

Sai wata murya daga bayan zana ta ce, "Kun ji ko? Har da surkullen ta iya."

Zanan ya kusa faɗuwa don dariya. Dattijon nan mai nauyin kunne ya nemi a maimaita masa, anka maimaita, ya yi ta tari. Malam kansa ya sa hannun riga ya rufe baki kamar yana gyara gemu. Da anka lafa ya tambaye ni, a hankali, to me yarinyar za ta karanta. Na ce ban sani ba. Ya ce ba ta yi mini bayani ba ne? Na ce ta yi. Sau nawa? Na ce yamma uku. Kai kawai ya girgiza, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sannan ya juya ga Hafsatu, ya ce an ce tana ganin abin da ke cikin zuciya.

"Ban san gaibu ba, Baffa," ta ce. "Tambaya nike yi, in saurara."

Ya ce ta ci gaba. Ta ce Baffa ya san akwai mutanen da jirgi ke kifewa da su a ruwan nan su fito da rai. A kai su asibiti a auna, a ce lafiyarsu lau. Amma mutum ya daina barci, ya daina zuwa bakin ruwa, ƙarar inji kaɗai ta sa shi rawar jiki, iyalinsa su rasa gane kansa. Ba ta ambaci suna ba. Kowa a wurin ya san wani irin wannan, kuma ba wanda ya kalli kowa. Ta ce karatun kusa zai koya mata ta yi rubutu a kan irin wannan mutumin. Na nesa zai koya mata ta zauna da shi mako bayan mako har ya samu sauƙi, da babba a kanta yana lura kar ta yi ɓarna. Ta ce duban ke nan, irin na asibiti.

Malam ya gyara zama. Daga nan ya shiga tambaya kamar mai sayen jirgi: hukuma ta san da karatun? Su wane ne manyan, likitoci ne ko me? Ina za ta zauna, da su wa? In ta gama, can za ta tsaya ko za ta dawo? Kowace tambaya tana da amsarta a shirye, kuma kowace amsa na ji kamar na taɓa jin ta a wani wuri mai hayaƙi. Ya ce a ba shi zuwa safe.

Da safe bayan ya sallami ɗalibansa ya kira mu. Ya ce ta amsa wa ta nesan, Allah ya sa albarka. Sannan ya ɗan kalle ni ta gefen ido.

"Amma daga yau, Hafsatu, in za a yi bayanin karatunki, ke za ki yi."

A mota muna dawowa na jira ta yi mini faɗa, don na cancanta. Sai kawai ta tambaye ni me ya sa ban yi shiru ba, tunda ta san kusa nake so. Na ce mata ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan tun jiya. Ta yi dariya har direba ya waiga.

Yanzu tana can. Ni da bakina, da muryar da ta fi kowace ƙarfi a rayuwata, na tura autata inda sai an yini an ƙara kafin a kai. A Wara kuwa sunana ya canza, ko gaisuwar rasuwa na je sai na ji wata ta ce ga Fisicologi nan ta iso.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, kuma a makare ya zo. Shekara hamsin da wani abu ana yaba mini cewa na iya sauraro, ni ma na yarda. Ashe rufe baki kawai na iya, kunnen yana can yana kiwon abin da yake so. In ta kira yanzu tana ba ni labarin karatu, nakan sauke kifin daga wuta tukuna, in zauna, inda ban gane ba in ce ta maimaita. Wani lokaci sau huɗu. Ta ce ba komai, wai ni ce mutum na farko da take gwada haƙurinta a kansa kafin ta shiga asibiti.